Mugun Gashi

Alhamis, 1 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Sunan Luane ya fito. Likitanci, a jami'ar gwamnati, a nan Salvador. Na rubuta shi ne don in gan shi da rubutun hannuna, saboda na cikin waya ban gama yarda da shi ba. 'Yata, wadda har yau ba ta iya dafa wake ba sai ta ƙona tukunya, ita ce za ta riƙa duba cikin mutane.

Ina tsaka da wanke wa Dona Cremilda kai Luane ta faɗo shago a guje ta miƙo min wayar. Na bar baiwar Allah da kumfa a ido. Uban Luane, Valdemir, yana tuƙa bas cike da fasinja lokacin da ta kira shi. Ya ce wai ya tsaya a gefen titi ne don ya duba taya. Kwandastansa ya gaya min gaskiya, kifa kai ya yi a kan sitiyari yana kuka, fasinja suna tambaya ko rasuwa aka yi.

Ta shiga ne ta gurbin da aka ware wa 'yan makarantar gwamnati, baƙaƙe da parda. Parda ta rubuta, don a tsakiya take: ni baƙa, ubanta fari sol, ita kuma ta fito wankan tarwaɗa. Abu ɗaya ya rage, ta ɗauki bidiyo ta aika wa kwamitin da ke duba mutum su tabbatar ba ƙarya ya yi ba. Wannan ai ba komai ba ne. Duk wanda ya gan ta ya gan ni.

Asabar, 3 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

An ɗauki bidiyo an aika.

Takardar ta ce a tsaya gaban farin bango, ban da hoda, ban da jan-baki, ban da tabarau, ban da hula. Ba ta ce komai a kan gashi ba. Sau biyu na karanta.

Tun watan Satumba Luane ba ta zauna a kujerata ba, kullum uzurinta karatu. Sabon tsiro ya fito ya kai tsawon yatsa, duk ya kanannaɗe a ƙarƙashin miƙaƙƙen, tana ta ɓoye shi da ɗankwali. Jiya na ce mata ba za ta tsaya gaban manyan malamai da wannan kan ba. Ta ce a bar shi haka. Na ce 'yar mai shagon gyaran gashi guda, so take unguwa ta yi da ni? Ta dube ni, sannan ta zo ta zauna. Na ɗan taɓa mata shi da man miƙar da gashi da ƙarfe mai zafi, kamar yadda na saba tun tana 'yar shekara bakwai. Ya kwanta luf har gadon baya yana sheƙi.

Valdemir ne ya riƙe wayar. Na buɗe duk tagogi don haske ya wadata. Sai da aka yi sau huɗu, don duk lokacin da ta faɗi sunanta ta ce ita parda ce sai ya sauke wayar ya share ido. Ta yi kyau, 'yata. Ta yi kyau ƙwarai.

Laraba, 7 ga Fabrairu, tsakar rana

Amsa ta zo. Ban buɗe shago ba.

Alhamis, 8 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Mutum biyar ne suka kalli bidiyon. Sun ce ba su ga alamun da ake nema ba, a fata da hanci da leɓe da sauransu. Wato wai 'yar da na haifa da cikina ba ta isa parda ba. Ta ɗaukaka ƙara tun jiya, an ba ta ranar ashirin da uku ga wata ta je ta tsaya gaban wani kwamitin da ƙafarta. In su ma suka ce a'a, kujerar ta tafi ga na bayanta.

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga kicin ta sake wanke kwanukan da na riga na wanke. Da kukan ta yi da na fi samun sauƙi.

Valdemir ya ce laifinsa ne, shi ya ɓata mata jini da wannan farar fatar tasa mai kama da ɓararren rogo. Ya faɗa da wasa don ta yi dariya, ta kuwa yi masa 'yar kaɗan don kada ya ji kunya. Na bar shi ya ɗauki laifin.

Yau ake fara kanibal, bikin kiɗa da rawa a titi na shekara-shekara. Duk ofisoshi a rufe har mako mai zuwa, ba wanda za a je wa. Gari sai kiɗa yake yi.

Takardar farko ba ta ce komai a kan gashi ba.

Asabar, 10 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Ƙanwata Gildete ta zo da shawarwari cike da jaka, kamar yadda ta saba. Wai Luane ta riƙa zuwa bakin teku kullum tun daga safe har la'asar, ban da shafa man kare rana, kafin ashirin da uku ta koma kamar ni. Wai kuma a yi mata kitso da ƙarin gashi, manya-manya, a sa mata 'yan kunne na katako. Ta ce 'yar maƙwabciyarta haka ta yi, kuma ta wuce. Valdemir, da ba ya raina shawara in dai ba tawa ba ce, har ya ɗauki kujerar roba ya hau da ita saman rufi, sai ka ce kifi za a shanya.

Luane ta bar su suka gama, sannan ta ce wa ƙanwar tawa, "Tia, na gode. An riga an yi min kwalliya saboda su sau ɗaya. Ya isa."

Ba ta dubi wajen da nake ba. Ni kuma na ga ashe akwai wake da ke buƙatar tsinta, na tashi.

Kujerar tana can sama har yanzu. Kyanwar maƙwabta ce ke shan ranar.

Litinin, 12 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana

Na sauko da akwatin hotuna. Na ware na mahaifiyata, Dona Zuleide, Allah ya ji ƙanta, tana zaune gaban kaskon ƙosai da farar rigarta, baƙa ƙirin, tana harare mai hoto don ya tare mata masu saye. Na haɗa da nawa na aure da takardar haihuwata, na kai wa Luane a ɗaki na ce ta tafi da su ranar. Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe a kan na kakarta. Sannan ta ce min a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya bayani, ba sa duba kaka, ba sa duba uwa, wanda ya tsaya gabansu kaɗai suke dubawa. Dalilinsu shi ne mai gadin kanti ma ba ya tambayar hoton kakarka kafin ya bi ka a baya.

Duk ranar Asabar mahaifiyata takan ɗora matajin ƙarfe a kan gawayi, ta matse ni tsakanin gwiwoyinta. Har yau akwai tabo a saman kunnena na hagu. In na yi kuka sai ta ce mugun gashi Allah ya ba mu, in ba a hore shi ba ta ƙofar baya za a riƙa shigar da ni gidajen mutane. Ba mugunta ba ce. Bayan ta gama takan hura min kunnen, ta ba ni ƙosan farko. Kuma ta yi gaskiya a zamaninta. Ina 'yar shekara sha tara na je neman aiki a wani kantin tufafi, ruwan sama ya taɓa ni a hanya, matar ta dubi kaina kawai ta ce an riga an ɗauki wata.

Abin da aka ba ni shi na bayar. Shekara ashirin da biyu ina buɗe wa matan unguwar nan ƙofa da wannan man.

Laraba, 14 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Mun je coci an shafa mana tokar fara azumi a goshi. Luane ta zauna kusa da ubanta, ba kusa da ni ba. Amma har yau ba ta fasa ajiye min kofi a kan teburin shago da safe ba, da sukari cokali ɗaya da rabi, yadda nake so.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Dona Cremilda ta zo. Shekara goma sha biyar ina yi mata gashi, ita ta riƙa kawo min miya kullum lokacin da aka yi min aiki a ciki, ba zan ce ba ta ƙaunarmu ba. Jikanta ma likitanci ya nema, makinsa ya ɗara na Luane, bai samu ba, don ta gurbin kowa da kowa ya bi. Ta ce yaron ko abinci ba ya ci. Ta ce ita ba ta gane wannan rabon ba, jarrabawa ɗaya aka yi, me ya kawo maganar fata. Na tausaya wa yaron har zuciyata, na san shi tun yana rarrafe, kuma ya yi karatu. Ni ban san yadda ake raba kujera ɗari ga mutum dubu ba tare da wani ya koma gida da kuka ba. Abin da na sani, a duk asibitin da na taɓa kwanciya, masu kama da ni su ne masu goge ƙasa.

Sai ta nuna hoton Luane da ke bango, na bikin cikarta shekara sha biyar, wanda duk mai shigowa take cewa irin wannan take so. Ta ce, "Ke ma dai, Nilzete, tsakani da Allah, Luane ai ba baƙa ba ce. Dubi gashi kamar siliki."

Yabo ne. Shekara da shekaru tana faɗa min haka ina jin daɗi har cikin raina. Yau sai na ji matajin ya sarƙe a kanta, ta ce wash, na ba ta haƙuri.

Ina ma a ce mutum biyar ɗin nan sun ga Luane tana 'yar sha biyu, ranar da ta dawo daga babban kanti ta ƙi cin abinci, sai daga baya na ji an zazzage mata jakar makaranta a bakin ƙofa, ƙawayenta biyu farare suna tsaye suna kallo. Washegari na zaunar da ita na ƙara mata mai. Abin da na iya ke nan.

Asabar, 17 ga Fabrairu, bayan na rufe shago

Na sauke hoton. Valdemir ya tambaya, na ce ƙusar ce ta yi sako-sako. Ya ce ikon Allah, ƙusar da shi ya kafa, wadda ta fi aurenmu ƙarfi. Ya je ya ja ta da yatsa, ko motsi ba ta yi ba. Ya dawo ya zauna a kujerar wanke kai, ya miƙe ƙafa, ya ce in wanke masa 'yan silin da suka rage masa. Ina cuɗa masa, ido a rufe, ya ce, "Nilzete, ba da ke take faɗa ba. Jiranki take yi."

Na sakar masa ruwan sanyi. Shekara ashirin da huɗu ina yi wa mutumin nan kallon wanda ba ya lura da komai.

Litinin, 19 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

"Da sauransu" ɗin da na rubuta ranar takwas ga wata, gashi ne. Shi suka fara ambata ma.

Laraba, 21 ga Fabrairu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na same ta zaune a kan matakalar bayan gida tana ɓare lemo. Na zauna a ta sama da ita, kanta daidai gwiwata, yadda muka saba. Daga nan na hango tushen ya soma fitowa, bai fi faɗin farce ba, yana murɗewa abinsa kamar ba a taɓa yi masa komai ba.

Na shirya magana mai tsawo tun safe, duk ta gudu. Na ce mata ni ce. Na ce na karanta takardar sau biyu ne don ina neman inda ba a hana ni ba. Na ce ta yafe min.

Ta ba ni ɓarin lemo. Ta ce ba karatu ne ya hana ta zama a kujerata tun Satumba ba, so take ta ga kalar gashinta, don ba ta tuna shi, ko a hoto babu. Ta ce kuma ranar nan ta san abin da zai iya biyo baya, ƙawayenta sun gargaɗe ta. Na tambaye ta to don me ta zauna.

Ta kira ni yadda yaran garin nan suke kiran uwa, ta ce, "Mainha, murna ce ta cika ki ranar. Ke kuma in kina son mutum, kansa kike kamawa. Ta yaya zan ce miki a'a a ranar?"

Na yi kukan da ita ba ta yi ba, har sai da ta ce in bari kada Tia Gildete ta jiyo ta zo da wata shawarar.

Sannan ta ce gobe tana so in yanke shi. Duka, a bar sabon kawai. Na ce za a ce don kwamiti ta yi. Ta ce su ce. Ko sun ba ta ko sun hana ta, ta gaji da jira, kuma ba ta yarda wani hannu ya taɓa mata kai ba sai nawa.

Alhamis, 22 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Na rufe shago da rana, na ce wa masu jira na je unguwa.

Na raba shi gida huɗu na ɗaure. Shekara goma sha ɗaya na aikina, ba ƙarya, ko tsinke ɗaya bai karye ba. Almakashin ya yi nauyi a ɗauri na farko. Ta riƙe min gefen siket kamar lokacin da ake yi mata allura tana ƙarama. Daga na biyu sai hannu ya saba. Na bi a hankali ina tsince miƙaƙƙen, ina barin murɗaɗɗen, har kai ya fito.

Ban san 'yata tana da ƙeyar mahaifiyata ba. Ga ta nan sak, har da ɗan lotsawar nan ta baya. Ga kunnuwa ƙanana, ga goshi. Valdemir ya leƙo, ya tsaya, ya cire hula kamar ya shiga coci, ya ce, "Barka da yamma, Dona Zuleide, wallahi ina kula da 'yarki." Luane ta jefe shi da tawul.

Ta daɗe gaban madubi tana shafawa. Ta kamo hannuna ta ɗora a kai, ta ce, "To, Mainha. Mugu ne?"

Laushi gare shi. Na manta cewa laushi gare shi. Na ce mata a'a, ba mugu ba ne. Na kuma gaya mata gaskiya, duk kwalaben da ke shagon nan ban san wacce ake shafa masa ba. Ta ce za mu tambaya.

Na naɗe ɗaurin huɗun a takarda na sa a akwatin hotuna.

Juma'a, 23 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana

Iyaye a waje aka bar mu, a kan benci ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Kusa da ni wani dattijo mai gyaran firji, ɗansa ma bidiyon ne ya kayar da shi, wai hasken ɗakin ya yi yawa. Da ya faɗi haka na tuna tagogin da na buɗe. Can gefe wata yarinya da sabon kitso, an ja shi har idonta ya ɗage, ga fata ta ƙone da rana tana saɓulewa a kafaɗa. Na ji tausayinta, na ji haushin duniyar da ta sa yara suke gasa kansu don a yarda da su.

Minti uku Luane ta yi a ciki. Ta ce sun sa ta faɗi sunanta, ta juya dama, ta juya hagu, suka yi mata godiya. Shekara uku na karatu, minti uku na kallo. Sakamako sai ranar Talata.

A hanya ta ce iska tana taɓa mata kai, abin da daɗi.

Lahadi, 25 ga Fabrairu, ƙarfe sha biyu

Ta ƙona waken. Mun cinye shi haka.

Talata, 27 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Sun ba ta.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Layi biyu ne kawai, an karɓi ƙararta, ta je ta yi rajista ranar Alhamis. Ban sani ba ko kan ne, ko ganin ido da ido ne, ko waɗannan biyar ɗin sun fi waɗancan gani. Ba za su faɗa ba. Luane ta duba jerin ta nemo min ɗan mai gyaran firji, shi bai samu ba. Tun ɗazu mutumin yake cikin raina.

Valdemir ya biyo da bas ta layinmu, inda ba hanyarsa ba, yana ta danna ham da fasinja a ciki. Gildete ta ce ai dama ita ta ce a yi wani abu da gashin. Dona Cremilda ta aiko da kek, ba ta zo da kanta ba. Zan kai mata farantin gobe, in zauna da ita.

Da aka watse, Luane ta shigo shago ta ce ranar Alhamis tana so in gyara mata kai kafin ta fita, kuma gara mu gwada tun yau. Na ce wane kai, me za a gyara a nan, ko mataji ba zai kama ba. Ba ta saurare ni ba. Ta wuce kujerar, ta jawo ɗan benci, ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyina ta jingina.

Na duba teburin, ga mai, ga ƙarfe, ga mataji kala biyar. Ban ɗauki ko ɗaya ba. Na sa yatsuna a ciki.

Ta ce, "Haka, Mainha. Ci gaba."